Gaisuwar Farin Wata

Tun daga unguwar Mesaimeer ta birnin Doha har suka shiga Al Aziziya bakin Jamaldeen bai huta ba. Yana tuƙi yana zagin mutanen da zai je ya ci abincinsu.

Ya ce kitse zalla suke ci. Ya ce gishiri suke zuba wa shayi, kuma tsohuwar gidan idan za ta gaisa da mutum sai ta shinshina masa kumatu. Ya yi dariya shi kaɗai, ya leƙo Fausatu ta madubi.

"Ki daure kawai, Fausa. Awa biyu ne. Ki yi murmushi, ki taɓa abin da aka ba ki, khalas, shi ke nan."

Ta gyara wa 'yarta Mufeeda ɗankwali ta ƙara janyo ta jikinta. Ba ta ma san wanne ya fi ba ta ƙyama ba, abincin da ake kwatanta mata ko mai kwatantawar.

Wata huɗu ke nan da yayanta Abdul-Ganiyu ya tsayar da Ghali, wanda ke neman aurenta, a bakin ƙofa ya ce kada ya sake taka masa gida. Laifin Ghali biyu ne: direba ne, kuma ɗan Zariya ne, ba ɗan Zangon Kumasi irinsu ba. Jamaldeen kuwa layi ɗaya suka tashi da Yaya, yana aiki a kamfanin gine-gine, yana da motar kansa.

Fausatu ba yarinya ba ce da za a ja ta. Nas ce a wani ƙaramin asibiti a Abu Hamour, shekararta ashirin da takwas, mijinta ya rasu Mufeeda tana rarrafe. Shekara biyu ta yi tana zirga-zirgar takardu kafin ta kawo yarinyar Doha a kan sunanta. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma kowa a gidan ya haddace shi: duk wanda zai ɗauke ta, su biyu zai ɗauka.

Ba ta ce wa Jamaldeen e ba. Yaya ne ya yi ta naci, ta fita da shi ko sau ɗaya ta ga irin mutanen da yake hulɗa da su. Ogansa, Injiniya Ganbold, mutumin Mongoliya ne, mahaifiyarsa ta zo daga ƙasarsu don bikin sabuwar shekararsu, wadda suke lissafawa da wata, suke kira Farin Wata. Jamaldeen na neman ƙarin girma, yana son a gan shi da iyali. Da safe ya ce a bar Mufeeda a gida. Fausatu ta ce to sai dai a bar su su biyu.

Da suka tsaya a ƙofar gidan, wanda ya buɗe musu get Ghali ne.

Ta san ya sauya wurin aiki, ba ta san nan ba ne. Ya rame, amma rigarsa a goge take kamar kullum. Mufeeda ta manna fuska a gilashi tana kiran Kawu Ghali.

Jamaldeen ya fito a hankali, ya gyara hula, ya jefa masa makulli a ƙirji.

"Yalla, direba, sa ta a inuwa. Kada ka karce min ita."

Nan take Fausatu ta gane. Jamaldeen ya san wanda zai buɗe get ɗin, shi ya sa ya matsa sai ta zo. Ghali ya sunkuya ya ɗauki makullin daga ƙasa, ya ce sannunku da zuwa, Maman Mufeeda, bai ɗaga ido ya kalle ta ba.

Warin falon ne ya fara tarbar ta. Warin dafaffen rago da madara, mai nauyi, irin wanda yake kama mayafi. A tsakiyar tebur an ajiye gadon bayan rago guda, da jelarsa fara fat ta kitse tana ƙyalli. Gefensa an jera wata doguwar gurasa hawa-hawa kamar ginin rijiya, an cika samanta da alewa da busasshen cuku. Faranti-faranti na ƙullin fulawa mai nama a ciki suna ta tururi.

Fausatu ta sunkuya ta raɗa wa Mufeeda cewa kada ta sa komai a baki sai Mma ta ce. Duk uwa ta san wannan tsoron: gidan da ba ka sani ba, tukunyar da ba ka ga abin da aka zuba mata ba.

Ghali ya shigo da tire, ya ajiye ƙaramin faranti a gabansu. Bakinsa kawai ya motsa.

"Ni na je mayanka na tsaya aka yanka da bisimilla. Babu giya a komai, Oga ya hana saboda ku. Wannan na Mufeeda ne, na ce kada a sa albasa."

Ya wuce. Fausatu ta bi farantin da kallo. Wata huɗu, kuma bai manta yarinyar ba ta cin albasa ba. Jamaldeen kuwa har yau Mufida yake ce mata wani lokaci, wani lokaci Munira.

Aka fara gaisuwa. Tsohuwar na zaune a kujera, cikin doguwar riga ruwan goro da hula mai tsini, wani shuɗin ƙyalle shimfiɗe a hannuwanta. Matar injiniyan, wata siririya mai fara'a da ake kira Oyun, ta yi wa baƙi bayani da Turanci. Babba ake fara gaisarwa, sannan a bi shekaru. Ƙarami zai miƙa hannuwansa ya tallafi gwiwar hannun babba ta ƙasa, alamar shi ne zai riƙe shi idan ƙarfi ya ƙare.

Jamaldeen ya riga kowa tashi, har ya tsallake wani dattijo Bafilipine da ya girme shi. Ya durƙusa, ya washe baki, ya kira tsohuwar mama har sau uku. Ta shinshina kumatunsa dama da hagu. Yana juyowa ya zaro tishu ya goge fuskar kamar wanda aka watsa wa ruwan kwata, ya kashe wa Fausatu ido. Da aka ba shi shayi ya kurɓa ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba, Oga na juya baya ya tuttular da shi a tukunyar furen da ke kusurwa. Da Oga ya miƙo masa 'yar kwalbar garin taba ta gaisuwa, wadda sauran baƙi suka shinshina murfinta kawai suka mayar, shi sai ya ɗiba ya shaƙa don a ga ya iya. Ya yi atishawa a kan farantin cuku.

Fausatu ta kau da kai. Ta yi aikin dare a ɗakin masu gudawa, ta wanke miki mai tsutsa, ba ta taɓa jin ƙyamar da ta ji a wannan falon ba.

Da layi ya zo kanta ta tashi. Ta sa hannuwa ƙarƙashin na tsohuwar, ta riƙe numfashi. Hannun ba nauyi, fatar ta yi laushi kamar ta marigayiya mahaifiyarta a shekarar ƙarshe. Tsohuwar ta shinshina ta a hankali, ta faɗi wata magana, ta dafa mata kai. Ba wani abin ƙyama. Fausatu ta koma ta zauna tana jin kunyar kanta.

Mufeeda ce ƙarshe. Ta miƙa 'yan hannuwanta da gaske kamar za ta ɗaga tsohuwar sama, falon ya ɗauki dariya. Tsohuwar ta riƙe ta ta daɗe ba ta saki ba, idonta ya kawo ruwa. Fausatu ta lura, ta rasa dalili.

Daga nan baƙi suka shiga gaisawa da junansu. Oyun ta matso ta taɓa kafaɗar Fausatu.

"Ke da mijinki ban da ku. A wurinmu mata da miji ba sa wannan gaisuwar, ai abu ɗaya ne su."

"Wane mijin?"

Oyun ta dubi Jamaldeen. Shi kuma ya yi wata dariya mai ƙarfi, ya ce saura ƙiris ne ai, an gama magana. Da Hausa ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa, cewa ta rufa masa asiri, maganar gida a gida ake yi.

Ta bar maganar. Ba don shi ba, don tsohuwar da ta dafa mata kai. Ta ba Mufeeda ƙullin naman da ba albasa, ita ma ta ci ɗaya, ta tarar da daɗi. Ta ƙudura a ranta cewa suna komawa gida za ta gaya wa Yaya a bar maganar nan har abada.

Ba a sallamar baƙon Farin Wata hannu biyu. Bayan azahar tsohuwar ta sa aka kawo mata jaka, tana kiran kowa tana miƙa masa kyautarsa da hannu biyu. Jamaldeen ya samu safa da cakulan. Fausatu ta samu mayafin ulu. Da aka zo kan Mufeeda, tsohuwar ta zaro wani ɗan matashin wuya mai siffar tunkiya, irin wanda matafiya ke sawa a jirgi, ta rataya mata da kanta, tana magana tana share ido.

Oyun ta fassara. Ta ce Kaka ta ce tun da ta ji labari ba ta daina tunanin yarinyar ba. Ita da tsufanta ma ta tsorata a jirgi, balle 'yar shekara shida. Ta ce a gaya wa iyayenta a Ghana sun yi sa'ar 'ya.

Fausatu ta juyo ga Oyun.

"Iyayenta?"

"Ba 'yar ɗan'uwanki ba ce? Jamal ya ce hutu ta zo. Ya ma nemi izinin ranar ashirin da uku don ya kai ta filin jirgi, kafin ku tare a gidan kamfani."

Ashirin da uku. Saura kwana goma sha uku.

Abu ɗaya ya faɗo mata a rai, ya tsaya cak. Mako biyu da suka wuce Yaya ya karɓi fasfon Mufeeda, ya ce zai haɗa da nasa ya sabunta mata katin zama, ita ta huta da bin layi. Har godiya ta yi masa.

Jamaldeen ya matso yana murmushi don idon Oga, haƙoransa a cije.

"Fausa, kada ki kuskura. Aikina ne a nan. Mu je mota in yi miki bayani."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Garin taba na maƙale a gashin hancinsa. Ta juya ga masu gida, ta yi magana da Turanci, a hankali, yadda take yi wa likita bayanin marar lafiya.

"Wannan 'yata ce. Ni na haife ta. Mutumin nan ba mijina ba ne, kuma babu inda 'yata za ta je."

Tsohuwar ta ja rigar Oyun sai an gaya mata. Da ta ji, fuskarta ta sauya. Ta miƙa hannu ta cire matashin daga wuyan Mufeeda ta tura shi ƙarƙashin kujerarta, ta ɗebo alewa cike da hannu daga saman gurasar ta zuba wa yarinyar a aljihu. Sannan ta kalli Jamaldeen, ta ɗauki ƙyallen hannunta ta goge hancinta da shi, dama da hagu.

Injiniya Ganbold bai ko kalli Jamaldeen ba. Ya kira Ghali ya ce ya kai baƙuwar duk inda take so.

A mota Mufeeda tana ta lissafa alewa. Sun kusa Mesaimeer Ghali ya ce, idonsa na kan titi, da ya san abin da ake shiryawa da ya nemo ta ko da Yaya zai sa a kore shi daga ƙasar. Ta ce ta sani. Ta ce ya riƙe mata yarinyar a mota, kada ya buɗe wa kowa, ko da Yaya ne.

Ta tarar da Abdul-Ganiyu a falo ya idar da la'asar, wayarsa a hannu. Ba sai an gaya mata wanda ya kira shi ba.

"Yaya, fasfon Mufeeda."

"Zauna tukuna."

"A tsaye zan karɓa."

Ya fara da faɗa. Ya ce ta kunyata shi a gaban baƙin ƙasa, ta zubar wa abokinsa mutunci a wurin cin abincinsa. Da ya ga ba ta motsa ba sai ya sauko. Ya ce Jamal ba mugu ba ne, namiji ne kawai, ba kowane namiji ke iya buɗe ido kullum ya ga 'yar wani a falonsa ba. Ya ce Goggo Shetu a Kumasi ta yarda za ta riƙe ta, akwai makarantar allo a ƙofar gida, akwai yara. Wata 'yar kasuwa ce za ta raka ta a jirgi. Shekara ɗaya ko biyu, idan Fausa ta haihu hankalin Jamal ya kwanta, sai a dawo da ita.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Yaushe za ka gaya min? A filin jirgi?"

"Na san ba za ki yarda ba. Gatan ki nake nema, Fausa. Shekara biyar kina zaune. Ni ma zan mutu wata rana. Wa zai riƙe ki?"

"Goggo Shetu da ba ta gani da ido ɗaya? Ta san Mufeeda na da asma? Ta san wane magani ake shaƙa mata idan ƙirjin ya kama, sau nawa, da wane lokaci ake gudu asibiti? Kai ka sani, Yaya? Shekara biyu tana kwana a gidanka."

Ya sunkuyar da kai.

"Ranar da aka binne babanta kai ka ɗauke ta daga bayana. Ka ce min, Fausa, daina kuka, ba ta rasa uba ba. A gaban marigayiya Mma ka faɗa. Ni ban manta ba. Na ba ka fasfonta da hannuna ina maka godiya, ashe tikitin rabuwa da ita kake yanka min."

"Don Allah ki daina."

"Yau wata tsohuwa da ba ta jin yarenmu, ba ta sallarmu, ta yi wa 'yata kuka saboda za ta shiga jirgi ba uwa. Na shiga gidanta ina toshe hanci. Ashe warin a gidanmu na baro shi."

Shi ma idonsa ya yi ja. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito da fasfon. Bai miƙa mata ba, ya ajiye a kan tebur ya dafe da yatsu.

"Wa ya kawo ki?"

"Ghali."

"To ji nan. Idan kika ɗauki wannan kika shiga motar direban nan, ba ki da yaya a Doha. Kada ki kira ni ranar ɗaurin aure, kada ki kira ni ranar ciwo."

Ta tsaya tana kallon yatsun nan. Su suka koya mata ɗaure takalmi. Su suka sa hannu a takardar makarantar nas lokacin da Baba ya ce mace ba ta kwana a asibiti.

Ta sa hannu ta zare fasfon daga ƙarƙashinsu. Bai riƙe ba.

A tsakiyarsa akwai takarda a ninke. Doha zuwa Accra, ashirin da uku ga wata, tafiya ba dawowa. Ta ajiye masa ita a kan tebur, ta shiga ɗaki ta ɗauko maganin shaƙar Mufeeda, da kayan makarantarta, da kayan aikinta kala biyu. Ta kira Rukayatu, abokiyar aikinta, ta ce akwai gado a ɗakinku na nas-nas? Rukayatu ta ce ko babu za a yi.

A bakin ƙofa ta juyo.

"Ni ina da yaya a Doha. Ranar da ka tuna, ka san asibitinmu."

Ta fito ta tarar da su a gefen mota. Mufeeda ta sa Ghali ya durƙusa, ta tallafi gwiwar hannunsa da 'yan hannuwanta, tana umartarsa ya shinshina mata kumatu yadda Kaka ta yi. Ya shinshina dama, ya shinshina hagu, ya ce warin alewa kawai yake ji. Da ya ga fuskar Fausatu da jakar hannunta dariyar ta ɗauke. Ya miƙe ya karɓi jakar, bai tambaye ta komai ba.

Ta sa fasfon a aljihun ciki na jakarta ta ja zif, ta sake dubawa ta tabbatar.

Mufeeda ta ja mata mayafi.

"Mma, saura ke. Ki yi wa Kawu Ghali gaisuwar. Ya girme ki ai."

Fausatu ta goge fuska da bakin mayafin ulun da tsohuwa ta ba ta. Har yanzu yana warin rago da madara. Ta dubi Ghali, karo na farko a wata huɗu ya yarda idonsu ya haɗu.

"Ni da shi ba za mu yi wannan gaisuwar ba," ta ce. "Shiga mota."

Ghali na falon lokacin da Oyun ta ce mata da miji ba sa yin ta. Ya buɗe musu ƙofar baya, sai da ya gwada sau biyu kafin makullin ya shiga.